Taki Takwas na Tasalla

Ranar wata Talata da hantsi, a bazarar shekarar da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai, tsoro ya fara kama Tasalla. Tana tsaye a harabar lakwal, makarantar boko ta Jiratawa, da tiren dafaffen zogale a ka, gaban wata ƙatuwar takarda da aka manna a bango. Taswira ce ta gonakin bakin gulbi, waɗanda wani furoje, wato aikin raya karkara, zai haɗe, ya ja musu ruwa, ya sake yankawa. An yi shela cewa duk wanda gonarsa ta fito a takardar zai sami fili da sunansa a sabon wurin ban-ruwan. Wanda tasa ba ta fito ba kuwa, sai haƙuri.

Tasalla ba ta yi boko ba, amma ta san lanƙwasar gulbi in ta gan ta. Ta ɗora yatsa a mashayar shanu, ta biyo gaɓa a hankali har ta iso gonar ubansu. An zagaye ta da jan layi ɗaya, an sa lamba ɗaya a ciki. Ta taɓo wani malamin lakwal ta ce ya karanta mata.

"Jibo Nomau," in ji shi.

"Sai wa?"

"Shi ke nan, Inna. Suna ɗaya ne."

Ta ɗauke yatsanta daga takardar. Shekara goma sha tara tana noman wurin nan, ga shi takarda ta ce ba ta nan.

Jibo ƙanenta yana gefe yana tauna goro. Ya leƙo ya ce, "Yaya, tauraron ɗan'adam ɗin nan da aka ce shi ya ɗauko hoton gonaki ya duba ya gan ni, ke bai gan ki ba. Na sha gaya maki ki riƙa ɗaura jan kallabi in za ki gona."

"Rufe mani baki, kai da na goya har ka yi mani fitsari a baya," in ji ta. Mutane suka yi dariya, ita ma ta ɗan yi. Amma ran nan zogalen ya koma gida yadda ya fito, ko kwano ɗaya ba ta sayar ba.

Ubansu Nomau a gidan arna ya tashi, inda gona gandu ce ta gida duka, ba a raba ta. Mace sai dai a yankar mata ɗan wuri ta noma, ranar da ta bar gidan ta bar shi. Da girmansa ya musulunta, kuma kafin ya cika ya bar wasiyya cewa a raba gonarsa yadda littafi ya ce, har da ɗiyarsa. Ya rasu a shekarar babban Taron Ƙasa da aka yi a Yamai kan sauya tsarin mulki. Liman ya zo da dattawa biyu, aka tsaya a kan tudu. A bakin gulbi ba a yanka gona a karkace. Tsaga ta ake yi a tsaye, daga tudu har gaɓa, don kowane magaji ya sami jigawar hatsi a sama, lakar dawa a tsakiya, da bakin ruwa a ƙasa. Tsawon gonar taki ɗari huɗu ne, faɗinta taki arba'in. Maiwada, babban wansu, ya sami sha shida, Jibo sha shida, Tasalla takwas. Baffanninta suka yi ta gunaguni, ɗaya ya ce ashe dimokuraɗiyyar da ake ta faɗi a rediyo har ta iso gona. Ba a rubuta komai ba. An yi fatiha, kowa ya kama gabansa.

Maiwada ɗan kasuwa ne a Maradi, ya bar wa Jibo nasa yana nomawa. Sai ya zama iyaka ɗaya ce tak a gonar, wadda ke tsakanin Tasalla da ƙanenta. Aka ce ta dasa ƙaya, ta ce ita ba ta sa ƙaya tsakaninta da wanda suka sha nono ɗaya. Yakuwa take shukawa, layi ɗaya ɗoɗar daga tudu har gaɓa, kowace damina. Iyakarta ke nan, kuma da kaka ta yi a tsinke ta a zuba a miyar gidajen biyu.

Mijinta mai gyaran keke ne, ya rasu bayan rabon da shekara biyar, ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Takin nan takwas ne ya raine su. A can ƙasa ta haƙa rijiya mai gaba biyu, ta dasa zogale, ta sa albasa da tattasai a gefe. Da asuba ta yi ban-ruwa da guga, da hantsi ta dafa ganye, ta daka ƙuli-ƙuli, ta fita talla. Ba ta taɓa kiran kanta mai wahala ba. Abin da ta fi so a duniya shi ne la'asar ɗin da ta gama aiki, ta wanke ƙafa a bakin rijiya, ta zauna tana jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, Jibo yana can yana faɗa da jakinsa. Ita ke ajiye irin hatsin ubansu a rumbunta. Ranar da ruwan shuka ya sauka, tare suke fita ita da Jibo, iri ɗaya, safiya ɗaya, shi yana sara tana jefawa, su gama nata su shiga nasa. Wanda ya hango gonar daga nesa da damina zai rantse ta mutum ɗaya ce.

Washegarin ganin taswira ta je wurin Maman Lawali, dattijon da aka naɗa shugaban komite na masu gonaki. Ya saurare ta har ta gama, yana jan tasbaha.

"Tasalla, ni na san gonarki. Amma ba ni kaɗai ba ne a komite," in ji shi. "Tun da labarin furoje ya fito, gona ɗaya ta zama bakwai cikin mako guda. Kowa ya ja layi da ƙafa ya ce wannan na ɗana, wannan na jikana. Shi ya sa aka yanke cewa iyakar da za a karɓa sai wadda aka tabbatar tana nan tun kafin a ji labarin."

"Jibo shi shaida mana."

"Shaidar ƙane ce fa ta ɓata abin tun farko. Ina liman da ya raba?"

"Allah ya yi masa rasuwa. Dattawan ma haka."

Kansilan da ya san ta tun tana budurwa kuwa an sauke shi tare da sauran zaɓaɓɓu bayan juyin mulki, an kawo baƙo yana riƙe da meri, ofishin magajin gari. Maman Lawali ya ce abin da ya rage shi ne ta je Maradi, ta ga masu zana taswirar.

A hanyar gida Jibo ya daina wasa. Ya ce duk abin da aka ba shi, rabonta na ciki, ko a gaban wa zai faɗa. Ta ce ta yarda da shi, amma shi ba dawwama zai yi ba, kuma 'ya'yansa tara. Ranar da ba su, takarda ce za ta yi magana, ita kuwa takarda suna ɗaya ta sani.

Ranar Alhamis ta ɗaura zanen fita, ta shiga mota zuwa Maradi, ɗan kabu-kabu ya kai ta unguwar Zariya. Biron furojen, wato ofishinsu, wani gidan haya ne mai shuɗin ƙyaure. Ma'aikata na zaune ƙarƙashin itacen bedi suna shan shayi, don tun juyin mulki masu ba da tallafi daga waje suka ce a dakata da yawancin ayyuka. Aka nuna mata wani ɗaki. A ciki ta tarar da wata siririyar yarinya mai tabarau, sunanta Rahmatu, wadda bara ta gama jami'a a fannin labarin ƙasa. Ita ta ja jajayen layukan da hannunta.

Suna cikin gaisawa iska ta bugo ƙofa da ƙarfi. Rahmatu ta zabura har biro ya faɗi daga hannunta, ta dafe ƙirji.

"Yi haƙuri, Inna. Ina Yamai ranar da aka yi harbin. Na je karɓar takarduna, sai da muka yi awa uku kwance ƙarƙashin tebur. Tun daga nan ko kwano ya faɗi sai gabana ya yanke."

"Allah shi kiyaye gaba, ɗiyata. Ni ma nawa gaban ya yanke shekaranjiya, kuma aikinki ne."

Ta kwashe labari ta gaya mata. Rahmatu ta kunna ordinatar, wato kwamfuta, ta buɗe hoton da ta yi aikin da shi. Ga gulbi ya lanƙwasa, ga garin kamar tabon toka, ga gonaki kore da ruwan ƙasa. Tasalla ta nuna wurin da kan farce.

"Matso mani da shi."

Rahmatu ta matso da shi.

"Ƙara."

Da ta ƙara sai gonar ta watse, ta koma wasu gidaje masu kusurwa huɗu, jere kamar gidajen dara, kowane da launinsa guda. Ta ƙara matsowa, gidajen suka ƙara girma, amma ba abin da ya fito a cikinsu.

"Mi ya faru? Ya lalace?"

"Iyakarsa ke nan, Inna. Tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko shi daga sama, nisan ya kai daga nan zuwa Yamai, amma a tsaye. Gida-gida yake kallon ƙasa. Mu a lakwal piksel muke ce wa gidan. Abin da bai kai girman gida ɗaya ba, ko kwana za a yi ana matsowa ba zai fito ba."

"To gidan ɗaya nawa ne girmansa?"

"Mita talatin kowane gefe."

Tasalla ta ce ita ba ta san mita ba, taki ta sani. Rahmatu ta kalli gidajen, ta cire tabarau ta goge, ta ce ranar Asabar za ta zo gonar da kanta.

Ta kuwa zo, da igiyar awo da turaku huɗu. Ta kafa na farko a iyakar gonar ta gabas, ta ba Jibo bakin igiya ya ja zuwa yamma har ta ce ya tsaya. Inda ya tsaya, ƙafarsa ɗaya tana cikin gonar maƙwabci. Tasalla ta taka tsakanin turakun biyu tana ƙirgawa a fili. Arba'in cif.

Ta tsaya ta riƙe haɓa. "Wato gonar Baba duka, faɗinta gida ɗaya ce?"

"Gida ɗaya."

Suka kafa sauran turakun, aka zagaye da igiya. Tasalla ta shiga tsakiya tana juyawa. Cikin igiyar akwai nata takwas, akwai na Jibo da na Maiwada, akwai gawo ɗaya, da turbar da ake bi zuwa rijiya, da jakin Jibo yana kiwo.

"Duk wannan launi ɗaya yake ba shi," in ji Rahmatu. "Ya haɗa kore da fari da inuwar itace ya fitar da abu guda. Kuma ku iri ɗaya kuke shukawa rana ɗaya, ko gefe da gefe babu bambancin da zai kama."

"An dama fura ke nan," in ji Tasalla. "In an dama, wa zai ce ga gero ga nono?"

"Har da jakina ya dama?" in ji Jibo.

"Da kai da jakin, ai launinku ɗaya."

Rahmatu ta yi dariya har ta saki igiya, karo na farko da Tasalla ta ga haƙoranta. Amma da suka zauna inuwar gawo fuskarta ta koma yadda take. Ta ce ita a lakwal an koya mata girman gidan hoto, ta ci jarrabawa a kai, amma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa a bakin gulbi tsaga gona ake a tsaye, ko cewa rabon mace zai iya zama siriri haka. Ta ga kore ɗaya, ta zagaye, aka tambayi mutanen da ke wurin ta wa ce, suka ce gonar gidan Nomau, Jibo ke nomawa. Tun ranar Alhamis take tunanin mata nawa ta shafe da jan biro ba ta sani ba.

Tasalla ta buɗe ƙwarya ta miƙa mata kwaɗon zogale. "Ci tukuna. Mai yunwa ba ya gyara komi. Ba wani tauraron da ya fi wanga ido?"

Akwai, in ji Rahmatu. Akwai wanda gidansa ɗaya bai wuce kamu ɗaya da tafin hannu ba. Ta zana shi a ƙasa da tsinke, ɗan wuri kamar faifai. Ba zai ga ganye ba, ba zai gane fuskar mutum ba, amma zai ga bakin rijiya, zai ga turba, zai ga jaki a matsayin ɗigo. Sai dai shi ba kullum yake ɗaukar ko'ina ba, kuma hoton yau ba shi da amfani, tsohon hoto ake so, na kafin labarin furoje.

"In akwai shinge ko ƙaya a iyakar, da zai fito," in ji ta.

"Ba ƙaya. Yakuwa ce."

Rahmatu ta dubi gonar, fayau, ba komai sai kututturen kara. "Wace yakuwa?"

Jibo ne ya ba ta labarin layin, yadda yake tashi har ƙugu, ya yi faɗin taki guda in ya yi reshe, kuma yadda yake rage shi kaɗai a tsaye, kore da ja, bayan an girbe hatsi gona ta yi fari. Rahmatu ta ajiye ƙwaryar. Ta sa ya maimaita, ta rubuta a littafinta.

Bayan kwana goma ta dawo da takarda ɗaya. Ta duba jerin tsofaffin hotunan mai kaifin idon, ta sami biyu da suka rufe Jiratawa. Ɗaya na tsakiyar rani ne, lokacin da dabbobi sun riga sun share gonaki, ba zai nuna komai ba. Ɗayan na kakar shekara biyu da suka wuce ne, mako uku da 'yan kwanaki bayan ƙaramar Salla.

"Abin tambaya, Inna, a ranar yakuwar tana tsaye ko kin riga kin sare?"

Tasalla ta rufe ido tana lissafi da yatsu. A al'adarta ba ta daɗewa bayan girbi take sarewa, saboda awakin mutane. Sai kuma ta buɗe ido.

"Bari! Wace shekara kika ce? Wadda azumi ya kama ƙarshen damina, bayan Salla Maijidda ta haihu?" Maijidda ita ce autarta, tana aure a garin Tsibiri. "Ai ni ba ni nan! Kwana biyu da Salla aka aiko, na tafi Tsibiri wankan jego, ban dawo ba sai da aka yi arba'in. Na bar wa wanga malalacin sallahu ya sare mani, na dawo na tarar da ita tsaye ta bushe, har 'ya'yan sun fara zuba."

"Kin ji ko, malama?" in ji Jibo. "Mako guda tana zagina a kan yakuwar nan. Yau ga shi lalacina zai yi mata rana. Yaya, a gaban baƙuwa ki ba ni haƙuri."

"In hoto ya fito na ba ka."

Rahmatu ba ta ɓoye musu sauran ba. Ɗan samfurin da ake nunawa kafin a aiko da hoton ya yi ƙanƙanta, kuma akwai wani farin abu a gefensa na kudu, ko gajimare ko hayaƙin ƙona kara, ba ta iya cewa ya rufe gonar ko ya tsaya kusa da ita. Sannan hoton ba a hannun bironsu yake ba. Sai an rubuta wa masu tallafin a ƙasar waje sun sa hannu, su kuwa tun watan juyin mulki ba su amsa wata takarda da wuri ba. Ta dai rubuta, shugabanta ya sa hannu, an aika. Ta kuma je wurin Maman Lawali da kanta ta yi masa bayani da igiya da turaku, ya yarda a bar layin gonar gidan Nomau a takardar komite a buɗe, kada a rufe shi sai ranar zaman komite na ƙarshe, bayan girbi.

Ruwan shuka ya sauka a farkon watan shida. Tasalla ta buɗe rumbu ta fito da iri, suka fita ita da Jibo da sassafe, yana sara tana jefawa. Shekarar ta zo da tsadar abinci, gidaje da dama sun cinye irinsu, sai ta ɗebi na Nomau ta raba wa maƙwabta uku. Zogalenta ya yi kyau ƙwarai, har matan Maradi suna aiko a ajiye musu. Jikan nan na Tsibiri ya fara gudu, an kawo mata shi ya yi mako biyu yana bin ta rijiya yana tsinke mata albasa. Yawancin ranaku ba ta ko tuna takarda. Sai in ta ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida, sannan ta saki abin da ke hannunta ta fito.

Duk ranar Juma'a in ta kai ganye Maradi takan biya ta Zariya. Ta tarar da Rahmatu ta ɗan yi ƙiba, ta buɗe sabon littafi tana bin ƙauyukan gaɓa da igiyarta, tana tambayar mata ɗaya bayan ɗaya faɗin gonakinsu. Su gaisa, Tasalla ta ajiye mata ƙullin zogale, ta tambaya, Rahmatu ta girgiza kai.

Zuwa yau da hatsi ya fara fitar da kai, hoton bai iso ba, kuma ba a ce an hana ba. Saura wata biyu komite ya zauna. Sunan Tasalla bai shiga takarda ba tukuna.